Fedal mai araha na kaushin sauti: zai ishe ni jita da kiɗan hayaniya, ko asarar kuɗi na yi?

Jitar Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida manyan wannan zaure, tare da neman afuwa idan tambayata ta yi tsawo.

Shekara uku ke nan ina koyon jita ta lantarki, kuma a watan jiya na sayi fedal na farko a rayuwata, irin ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa domin sautin jita ya yi kaushi da kauri, wanda masu sayar da kayan kiɗa ke kira distoshin. Na hannu ne, jikinsa roba, ƙirar ƙasar Sin, babu kwali babu takarda, kuma mai shagon ya ce an kwaikwayi fedal ɗin DS-1 na kamfanin Boss ne wajen ƙera shi. Mamurɗai uku gare shi, an rubuta musu Level da Tone da Dist, kuɗinsa kuwa bai kai rabin abin da aka faɗa mini na asalin ba.

Ba ni da amfilifayar jita tukuna. Abin da nake yi shi ne in haɗa jita da fedal, in kai fedal cikin ƙaramar miksa mai layi huɗu ta yayana, wadda yake bayarwa haya a gidajen biki, daga nan kuma sai sifika. Sautin da ke fitowa kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwanin madara. Idan tsarkiya ɗaya na kaɗa, da dama-dama, amma da zarar na haɗa biyar ko shida sai komai ya cakuɗe, ba a gane wace ce wace. Ban da wannan akwai gurnani da ba ya tsayawa ko da ban taɓa jitar ba, da wani siririn fito da ke shigowa idan na yi amfani da adaftar da aka ba ni tare da fedal ɗin.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi ɗaure mini kai. Wata rana da yamma na jingina jitar a jikin sifika na manta ban kashe fedal ba, sai ta fara wani irin kuka mai tsawo ita kaɗai. Maimakon in kashe, sai na zauna ina murɗa Tone a hankali, kukan yana sauka yana hawa, yana rabuwa gida biyu yana sake haɗuwa, har na yi kusan rabin sa'a ban sani ba. Daga baya na gano cewa akwai mutane, musamman a Japan, waɗanda wannan hayaniyar ita ce kiɗansu gaba ɗaya, kuma raina ya karkata wajen gwada abin.

Tambayata ita ce: wannan fedal mai araha zai iya yi mini aikin biyu, wato jita ta sosai da kiɗan hayaniya, ko in haƙura in tara kuɗi in sayi na asali?

Mai Dalma ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina gyaran rediyo da amfilifaya, kuma fedal irin naka sun sha zuwa kan teburina, saboda haka bari in fara da abin da ke cikin akwatin, domin idan ka gane shi rabin damuwarka ta kau.

Babu wani sirri a cikin fedal na kaushin sauti. Wutar da jita ke aikowa ƙarama ce ƙwarai, sai wani ɗan guntu mai ƙafa takwas ko makamancinsa ya ƙara mata ƙarfi ninkin ba ninkin, sannan ta iske dayod guda biyu, wato ƙananan kayan lantarki masu barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, da aka haɗa kai da ƙafa. Dayod na silikon yana fara barin wuta ta wuce ne a wajen bolt 0.6, saboda haka duk abin da ya haura wannan sai a aske shi, sama da ƙasa. Igiyar sauti da ta shigo da santsinta sai ta fita da kusurwoyi, kusurwoyin nan kuma su ne kunne ke ji a matsayin kaushi. Haka DS-1 yake tun da kamfanin Boss ya fito da shi a 1978, haka ma RAT na kamfanin ProCo da aka fara ƙerawa a Kalamazoo ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Kayan cikinsu duka ba su da tsada. Abin da kake biya a na asali shi ne jikin ƙarfe, da makunni mai jure taku, da ramukan waya masu ƙwari, da sunan kamfani. Waɗannan abubuwa ne masu amfani ga wanda ke yawon wasa kullum, amma ba su ne ke yin sautin ba.

Ƙudan zumar da kake ji kuwa, daga hanyar da ka bi da sautin suke. An ƙera irin wannan fedal ne da nufin ya shiga amfilifayar jita, sifikar amfilifayar jita kuma ba ta iya fitar da sauti mai tsini sosai, tana fara yin sanyi daga wajen karkaɗawa 5,000 a daƙiƙa, sai ta zama kamar rariya mai tace ƙaiƙayin da dayod ya haifar. Sifikar biki tana da ƙaramar sifika ta musamman a samanta wadda aikinta ke nan fitar da tsini, don haka duk abin da ya kamata a tace sai ta kawo maka shi har cikin kunne. Ko na asalin ka saya ka haɗa shi haka, zumar nan za ka ji. Kafin ka sami amfilifaya, ka rage mamurɗin High na layin da ka shiga a miksa sosai, ka ɗan ƙara Mid idan akwai, sannan ka mayar da Tone na fedal wajen ƙarfe 9 ko 10 idan ka ɗauke shi kamar fuskar agogo. Masu DS-1 da yawa ba sa wuce nan, domin da ya haura ƙarfe 12 yake fara yanka kunne. Dist ma ba dole ne ya kai ƙarshe ba. Sabon mai fedal yakan murɗe shi duka saboda ɗoki, alhali rabin hanya ya fi daɗi.

Maganar cakuɗewar tsarkiya shida ita ce ta fi ban sha'awa, kuma lissafi ne tsagwaronsa. Idan sauti biyu suka shiga wurin askin nan tare, ba su kaɗai ke fitowa ba, ana haifar da wasu sababbi, ciki har da bambancin da ke tsakaninsu. Ɗauki tsarkiya ta biyar a sake, wadda ke karkaɗawa sau 110 a daƙiƙa, ka haɗa ta da sautin da ke wajen 165. Bambancinsu 55 ne, wato rabin 110 daidai, don haka sabon sautin da aka haifa yana zama a ƙarƙashinsu kamar ginshiƙi, kiɗan ya ƙara nauyi. Amma idan ka haɗa 110 da wajen 139, bambancin yana kusa da 29, wanda bai zauna daidai da kowannensu ba, sai ka ji ana rigima a ƙasa. To ka ƙiyasta abin da zai faru da tsarkiya shida, kowace tana haihuwa da kowace. Dalilin da ya sa masu kiɗan rok ke kama tsarkiya biyu ko uku kawai idan sun taka fedal ke nan, su danne sauran da gefen tafin hannu.

Saura gurnani. Sayi batir mai bolt 9 sabo, ka cire adafta, ka saurara. Idan siririn fiton ya ɓace, adaftar ce, domin ƙananan adafta marasa nauyi da yawa ba a tace wutarsu da kyau, fedal kuma yana ƙara wa dattin ƙarfi kamar yadda yake ƙara wa jita. Idan gurnani mai kauri yana nan bai tafi ba, wannan wutar gida ce mai karkaɗawa sau 50 a daƙiƙa, maganaɗisun jitarka ne ke tsinto ta daga iska. Ka juya jikinka a hankali da jitar a hannu, za ka sami ɓangaren da ya fi shiru, ka kuma nisanci janareta da cajar waya da dogon ƙwan fitila.

Gargaɗi ɗaya da nake yi wa kowa: kada ka ga bakin adaftar dikoda ko ta wata na'urar gida ya shiga ramin fedal ka ce ai shi ke nan. Yawancin waɗannan bolt 12 ne, kuma tsakiyar bakinsu ita ce mai alamar tarawa, fedal irin na Boss kuwa bolt 9 yake so, tsakiyar kuma mai alamar ɗebewa. Na sha buɗe fedal in tarar da dayod ɗin kariya ya ƙone ya yi baƙi saboda wannan kuskure. Sannan idan batir kake amfani da shi, ka riƙa zare wayar jita daga ramin shiga idan ka gama, domin muddin tana ciki batirin yana ci ko da fitilar a kashe take.

Kiɗan hayaniya ba fannina ba ne, na bar wa masu shi.

Baƙon Osaka ya rubuta:

Gaisuwa ga Baba Mai Dalma, wannan bayani ya gamsar. Ɗan'uwa Jitar Fagge, ni karatu ne ya kawo ni Japan, kuma a nan na fara cin karo da abin da ka tsinta da kanka a jikin sifikar yayanka, don haka zan yi magana a kan rabi na biyu na tambayarka.

Wasan farko da na gani a wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, wanda bai fi shagon tela biyu ba. A bakin ƙofa aka miƙo mini abin toshe kunne, na ɗauka wasa ne. Mai kiɗan ya fito da kayan aikin ofis a jikinsa, ya tsaya gaban wani teburi da aka jera wa fedal kusan goma, wayoyi sun harɗe kamar taliya, babu jita ko ɗaya a wurin. A hannunsa akwai wani gwangwani da aka ɗaura wa sifirin biyu. Ya goga masa ƙarfe sau ɗaya, sai na ji rigata tana kaɗawa a ƙirjina. Da aka tashi na matsa kusa da teburin domin in ga irin kayan tsadar da suka yi wannan aiki, sai na tarar rabinsu fentinsu ya goge, biyu na roba ne irin naka, ɗaya ma an ɗaure murfin batirinsa da salatif.

Ba a kansa aka fara ba. Masami Akita, wanda aka fi sani da Merzbow, ya fara a Tokyo a 1979, kuma shekaru da yawa kayan aikinsa tarkacen ƙarfe ne da kaset da fedal na jita. Toshiji Mikawa na ƙungiyar Incapacitants ya daɗe yana aikin banki da rana. A Amurka ma, fedal ɗin kamfanin DOD masu suna Grunge da Death Metal, waɗanda masu jita da yawa suka raina, a hannun masu hayaniya suka yi daraja, saboda abin da ake kushe su da shi, wato yawan kaushi da tsini da rashin ladabi, shi ne ake nema a can. Tunanin kansa ya girmi fedal nesa ba kusa ba, domin tun a 1913 Luigi Russolo ɗan Italiya ya rubuta cewa ƙarar injina da ta birni ta cancanci shiga kiɗa, har ya ƙera akwatunan da ke yin ta.

Abin da na koya shi ne, a wannan fanni abin da ka zuba wa fedal ya fi fedal ɗin muhimmanci. Ga abin da zan ba ka shawara ka fara da shi, kuma kusan kyauta ne. Nemi ɗan faifan tagulla mai farin tsakiya da ke cikin na'urorin da ke yin ƙara, irin na tsohon agogon ƙararrawa ko kayan wasan yara, ana kiransa fiyezo. Ka kai wa mai gyaran rediyo ya liƙa masa waya biyu da dalma, ɗaya a farin tsakiya ɗaya a tagullar gefe, ya haɗa su da kan wayar jita. A yi hanzari wajen liƙa ta tsakiyar, domin zafi yana ɓata ta, sannan a naɗe da salatif saboda wayar ba ta da wuyar tsinkewa. Wannan makirfo ne da ba ya jin iska, jikin abu kawai yake ji. Manna shi a tiren ƙarfe, ko guntun kwanon rufi, ko ƙofar shago, ka taka fedal, sannan ka ja cokali a kai, ko ka zuba tsakuwa, ko ka ɗora ƙaramar fanka tana juyawa. Ni ranar da na fara gwadawa, a jikin kwandon wanke shinkafa na ƙarfe na manna shi na goga masa buroshin haƙori, kuma abin da ya fito ya fi kama da ruwan sama a kan kwano haɗe da jirgin ƙasa. Ƙaramar rediyo ma tana aiki, idan ka tsayar da ita tsakanin tasha da tasha a gajeren zango ka ɗauki sautin daga ramin abin sawa a kunne.

Miksar yayanka kuma kayan kiɗa ce da kanta. Idan tana da ramin da aka rubuta wa Aux ko FX Send, ka ɗauki waya daga nan zuwa ramin shiga na fedal, daga ramin fita na fedal kuma ka dawo cikin ɗaya daga layukan miksar, sannan ka ɗaga mamurɗin Aux na wannan layin kaɗan-kaɗan. Sautin zai riƙa zagayawa yana cin kansa, ba tare da an sa masa komai daga waje ba. A wani wuri za ka ji fito, ka matsa kaɗan ya koma bugu kamar na babur, ka taɓa Low ya narke ya zama gurnani. Toshimaru Nakamura ya yi suna da wannan salo na miksar da ba a shigar mata da komai ba tun ƙarshen shekarun 1990. A cikin irin wannan zagaye, Tone ɗin da ke damunka a jita shi ne zai zama abin da kake kaɗawa, domin shi ke zaɓen sautin da zai yi nasara a zagayen.

Batirin da ya kusa mutuwa ma kada ka yar. Idan wutarsa ta yi ƙasa, fedal yakan fara tari da yankewa, sautin yana fashewa kamar ana yaga atamfa, kuma akwai masu ƙera fedal da ke sa mamurɗi na musamman domin rage wutar da gangan.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni jita nake kaɗawa a bukukuwa, kuma ina da ɗan saɓani da abokina na Osaka, duk da na ji daɗin labarinsa.

Yaron nan shekara uku kacal ya yi yana koyo, kuma abin da nake tsoro shi ne fedal ya rufe masa kurakuransa. Kaushin sauti yana daidaita bugu mai ƙarfi da mara ƙarfi, yana ja wa sauti tsawo, sai mutum ya ji kamar ya iya alhali yatsunsa ba su zauna ba. Na ga samari da yawa da idan aka cire musu fedal ba sa iya kammala waƙa ɗaya da tsabta. Idan kuma aka ce masa hayaniya ma kiɗa ce, ina gudun ya sami mafaka ya daina wahalar da yatsu.

Ba wai kaushi baƙo ne a wurinmu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bikin Agadas ya ji yadda jita ke fita daga ƙaramar amfilifaya da aka ƙure wa murya a fili, janareta na ruri a gefe, ya san kaushi. Bombino da Mdou Moctar daga wannan ƙasa tamu ta Nijar suka fito suka kai salon har Turai da Amurka, kuma Mdou Moctar jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Amma ku saurare su da kyau, za ku ji kowane sauti a fili yake duk da gudun yatsun. A salonmu ana barin tsarkiya mai kauri tana amo a sake, yatsu kuma suna yawo a kan sirara, kuma idan Dist ya yi yawa, abin da Malam Mai Dalma ya bayyana na haihuwar sauti shi zai faru, amon ya haɗiye waƙar. Ni nawa fedal, wanda shi ma mai araha ne, Dist ɗinsa ba ya wuce ƙarfe 9, Level nake ɗagawa domin in fito sama da ganga idan lokacin kaɗa ni kaɗai ya zo.

Game da jikin roba kuwa, a ɗaki ba shi da matsala. A filin biki, inda ƙura take, yara suna tsallake waya, kai kuma kana taka shi da takalmi cikin zumuɗi, ramukan waya ne ke fara saki. Na rasa ɗaya a haka a tsakiyar wasa, kuma ban ji daɗin ranar ba.

Jitar Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Mai Dalma, na sa batir kamar yadda ka ce, fiton ya ɓace gaba ɗaya, gurnanin kuma ya ragu da na juya wa bangon da mitar wuta take baya. Na rage High a miksa na mayar da Tone ƙarfe 10, zumar ba ta tafi duka ba amma yanzu ana iya zama a ɗakin. Na gwada tsarkiya biyu kawai, na kuma ji ginshiƙin da ka faɗa a ƙarƙashinsu, abin da ban taɓa lura da shi ba.

Yaya na Damagaram, maganarka ta shige ni, domin da na kashe fedal na sake kaɗa abin da nake ganin na iya, sai na ji wurare biyu da yatsana ba ya danne tsarkiya sosai. Zan raba lokacin, in riƙa koyo ba fedal.

Amma zagayen miksar nan na gwada shi jiya, kuma na tsorata. Ina ɗaga Aux sai wata ƙara ta fashe lokaci guda, fitilun miksa duka suka yi ja, kafin in kai hannu mahaifiyata ta fito daga ɗaki tana salati. Har yanzu kunnena na hagu yana ɗan yin ƙara. Akwai hanyar da ake bi a hana wannan, ko haka abin yake?

Mai Miksa ta rubuta:

Ƙanena, aikina kula da sauti ne a ɗakin ɗaukar shirye-shirye, kuma ƙarar da ka ce kunnenka yana yi ita ce ta sa na shigo. Wannan alama ce cewa kunnen ya sha fiye da ƙarfinsa. Sau da yawa takan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ka huta da duk wata ƙara har ta tafi, idan kuma ta wuce haka ko ka ji jinka ya ragu, ka je wurin likitan kunne ba tare da jinkiri ba. Ƙananan gasun da ke cikin kunne masu karɓar sauti ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon sa'a 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wanda ke nufin a desibel 100 minti 15 kawai gare ka. Sifikar biki a cikin ɗaki tana wuce wannan cikin sauƙi.

Kuskuren da ka yi shi ne ka buɗe zagayen alhali babbar muryar miksa tana sama. Zagaye ba ya tashi a hankali kamar jita, da ya kai wani matsayi yake tsalle zuwa ƙarshen ƙarfinsa. Ka fara da babbar murya a ƙasa gaba ɗaya, ka ɗaga Aux kana kallon fitilar layin, sai ka ga alamar zagayen ya kama sannan ka buɗe babbar muryar kaɗan. Hannu ɗaya ya zauna a kanta koyaushe. Kada ka yi wannan gwaji da abin sauraro a kunne, ko da wasa. Kuma ka sani siririn fito mai ƙarfi da ya daɗe yana ƙona ƙaramar sifikar tsini, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa a sifikar biki, don haka ka nemi tsohuwar sifikar rediyo ko ta mota ka riƙa gwaji da ita, tun kafin ka shiga uku da yayanka.

Wani abu kuma da ba a faɗa maka ba: kada ka taɓa ɗaukar waya daga inda amfilifaya ke fita zuwa sifika ka kai ta cikin fedal ko miksa. Wutar wurin ta fi ƙarfinsu nesa.

Idan kana son ka ji abin da ka yi da kyau, ka ɗauka a waya ko kwamfuta da murya ƙasa-ƙasa, ka saurara washegari. Kaurin hayaniya yana nan a cikin abin da aka ɗauka ko da ba a ƙure sifika ba, kuma a nan ne za ka gane ko minti goman da ka yi suna da tafiya, ko kuwa murɗe-murɗe ne kawai.

Mai Dalma ya rubuta:

Malama ta gama magana a kan kunne, a bi abin da ta ce. Ni ƙari biyu gare ni.

Na farko, a kan ramukan wayar da ɗan'uwanmu na Damagaram ya ambata. A fedal na roba galibi an liƙa su ne kai tsaye a kan allon cikin, saboda haka duk jan da aka yi wa waya dalmar ce ke ɗauka, har ta tsage. Idan sauti ya fara yankewa in ka motsa waya, ba mutuwa ya yi ba, minti biyar ne a wurin mai gyara ya sabunta dalmar. Ka ɗaure wayoyin a jikin ɗan katako tare da fedal ɗin domin kada su riƙa wasa.

Na biyu, tunda naka mai araha ne, ba ka da fargabar buɗe shi, wanda da na asali ne da hannunka ya yi rawa. Ka sa mai gyara ya nemo dayod biyun nan, ya cire su ya sa jajayen ƙananan fitilu na LED a madadinsu. Su sai wajen bolt 1.7 suke fara aski, don haka sautin zai ƙara ƙarfi da buɗewa, kaushin ya ragu, wanda zai fi dacewa da salon Agadas. Irin wannan canji ne ProCo suka yi a samfurinsu mai suna Turbo RAT. Idan akwai wuri a jikin robar, a huda a sa ɗan makunni mai zaɓe tsakanin tsofaffin dayod da sababbin, ka sami na jita a gefe ɗaya, na tiren ƙarfe a ɗaya gefen. Ka ce masa ya ɗauki hoton allon kafin ya cire komai, kuma ya lura da ɓangaren da zoben kowane dayod yake fuskanta.